Wa ya ce ƙaramar 'yar tsana ta 'yan koyo ce?

'Yar wana da ke karatu a ƙasar Sin ta turo mini saƙon murya kwanakin baya, da jin muryar ka san ranta a ɓace yake. Ta je wani taro ne na masu tara 'yan tsanan nan masu gaɓoɓi, ta tafi da tata guda ɗaya tal, 'yar mitsitsiya mai tsawon santimita 16, sanye da rigar da ni na ɗinka. Wata mata da ta jera manya uku a kan teburinta ta ɗauke ta, ta jujjuya, ta yaba ɗinkin, sannan ta ce: "Ta yi daidai da mai farawa. In kin tara kuɗi sai ki sayi ta gaske."

"Gwaggo," in ji ta, "wato tawa ta ƙarya ce ke nan?"

Maganar ta tsaya mini a rai. Tun da yarinyar nan ta jawo ni cikin harkar ta hanyar ɗinki nake jin irin wannan zance, wai akwai tsani: ka fara da ƙarama, ka hau matsakaiciya, in ka isa sai ka mallaki babba. Ni ban yarda da tsanin nan ba. Tsawon 'yar tsana zaɓi ne kamar launin gashinta, ba ya nuna ƙwarewar mai ita, ba ya nuna zurfin sonsa. Kuma in aka matsa mini zan ƙara da cewa da yawa daga masu tutiya da manya, kuɗin da suka kashe suke so a gani.

Na san akwai mai cewa me ya haɗa babban mutum da wasan 'yar tsana, akwai kuma mai kawo hukuncin ajiye surori a ɗaki. Ta farko muhawarar wata rana ce, ta biyu kuwa ta malamai ce. Yau a kan waɗanda suka riga suka shiga nake magana.

Wace irin 'yar tsana?

Ba irin ta roba da ake saya wa yara da sallah ba ce. Da wani sinadari mai tauri da ake kira rezin ake zuba ta, gaɓa-gaɓa, kowace mahaɗa da 'yar ƙwallo a ciki. Igiyar roba mai talewa ce ta ratsa cikin jikin ta riƙe komai, ta maƙale a wata ƙugiya a cikin kai. Ana buɗe ƙeyar a canja idanu, ana sa mata hular gashi, fuskar kuma da hannu ake zana ta. Ana iya zaunar da ita, a tsayar da ita, a karkata mata wuya.

Kamfanin Volks na birnin Kyoto a Japan ne ya buɗe wannan kasuwa a 1999, da 'yar tsanar da ya kira Super Dollfie, mai tsawon santimita 57 ko kusa da haka. A 2001 ya fito da Mini Super Dollfie mai santimita 40 da 'yan kai, bayan 'yan shekaru kuma Yo-SD mai santimita 26 da ɗoriya. Kamfanonin Koriya ta Kudu irin su Luts da Dollshe da Fairyland suka biyo baya, sannan na Sin irin su Dollzone. Har gobe da sunayen nan na Volks ake kiran girman, ko da wani kamfani ne ya yi: SD (babba), MSD (matsakaiciya), Yo-SD (ƙarama). Wasu kuma su ce 1/3, 1/4, 1/6, wato kusan kashi ɗaya cikin uku, cikin huɗu ko cikin shida na tsawon baligi.

"Ai da babba aka fara"

Wannan ce hujjar farko da ake kawowa, wai babbar ce asali, sauran an rage su ne don marasa ƙarfin aljihu.

Tarihin Volks kansa bai ce haka ba. Kafin Super Dollfie kamfanin yana sayar da Dollfie, 'yar tsanar roba mai girman 1/6, kusan tsawon Barbie, wadda mutum zai saya ba fuska ba gashi ya ƙawata da kansa. Ita aka faɗaɗa aka mayar rezin. In da wanda ya riga zuwa ne ke da sarauta, da ƙaramar ce za ta hau kujera. Su ma 'yan tsanan tangaran masu gaɓoɓi da aka yi a Jamus da Faransa a ƙarshen ƙarni na 19, kowane girma akwai.

Sai kuma ɗan lissafi, mu auna duka ukun da ma'aunin babbar, wato 1/3. Ninka santimita 60 sau uku, ka samu 180, tsawon dogon baligi. Ninka 43 sau uku, ka samu 129, tsawon yaro ɗan firamare. Ninka 26 sau uku, 78, yaron da ya fara tafiya. Ka duba surar waɗanda Volks ya yi tun farko: MSD jikin yara gare ta, Yo-SD kuwa da kumatu da ɗan tumbi da gajerun ƙafafu. Iyali ɗaya aka tsara, yaya da ƙanwa da 'yar auta, a ajiye su wuri guda su dace. To ta yaya 'yar auta ta zama ta ƙarya a gidansu? Daga baya ne wasu kamfanoni suka fara yin masu surar manya a ƙaramin jiki, irin Minifee ta Fairyland mai santimita 41 ko kusa, wadda ta yi farin jini ƙwarai, kuma ban ji an ce masu ita duk talakawa ba ne.

"Babba ta fi nuna aikin hannu"

A nan akwai gaskiya, ba zan ɓoye ba. Kan babbar ya kai lemon zaƙi, akwai filin da mai zane zai ja gashin gira ɗai-ɗai, ya sa jijiya a fatar ido, ya ɗiga tawadar Allah a gefen baki. Idanunta kan kai milimita 16 ko 18, in na gilashi ne har zurfinsu kake gani. A hannuwanta ana sassaƙa farce da layin tafin hannu. A hoto kuma, in haske ya yi daidai, sai ka sake dubawa kafin ka gane ba mutum ba ne.

Sai dai wannan hujjar tana sarar mai ita. In aiki a kan babba ya fi fili, to aiki a kan ƙarama ya fi wuya. Da wane dalili ake tura ɗan koyo ga mafi wuya, sannan a raina shi a kai?

Ni tela ce, kuma rigar nan ta mai santimita 16 ta ba ni wahalar da rigar amarya ba ta ba ni. Hannun rigar ko ƙaramin yatsana ba ya shiga. Dole na ɗora shi a jikin rigar tana shimfiɗe, kafin in rufe gefe, sannan na juya shi da hantsaki a hankali ina addu'ar kada bakin yadin ya zare. Abin da na bari na kalmasa bai fi milimita uku ba. Keke kuwa da na ɗora masa sai ya haɗiye yadin ta ramin allura, sai da na shimfiɗa takarda a ƙasa na ɗinke su tare, daga baya na yage takardar. Wuyan da hannu na yi shi. Maɓalli babu wanda ya yi daidai, da 'yan ƙananan duwatsun ado na maye gurbinsa.

Babbar matsalar ma yadin ne. 'Yar wan nawa ta so atamfa, amma fure ɗaya na atamfar ya fi 'yar tsanar duka faɗi, in ka yanka sai ka samu riga ja zalla ko shuɗiya zalla, ba wanda zai ce atamfa ce. Na yi ta bincike cikin ƙyallayen shago har na samu wadda ke da ƙananan zane a gefe, daga nan na fitar. Na gwada shadda, ta tsaya ƙiƙam kamar kwali, domin kaurin zare ba ya raguwa don mai sawa ta ƙanƙance. A jikin mai santimita 60 yadin yana zuba, yana yin lanƙwasa irin ta jikin mutum, zif na gaske yana shiga, aljihu na gaske yana yiwuwa. Duk wanda ya zo ya ce mini yana so ya koyi ɗinkin kayan 'yar tsana, da babba ko matsakaiciya zan ce ya fara.

Haka abin yake wajen fuska. Kan da bai wuce ƙwan kaza ba, kuskuren da bai kai kaurin zare ba ya isa ya mayar da murmushi harara. Mai zanen da ya fitar da gira biyu daidai a kan irin wannan, shi ne za a ce wa sai ya girma?

"Babba ta fi kwarjini"

Wannan ma ban musa ba. Da na je sarin yadi Guangzhou, 'yar wan nawa ta kai ni gidan wata ƙawarta mai irin babbar. Da aka ɗora mini ita a cinya sai na ji nauyi da sanyin rezin, kanta ya faɗo a damtsena, na samu kaina ina tallabe ta kamar mai rai. Ƙarama ba ta yi wa mutum haka. Wanda wannan yake nema, ya sayi babba, babu mai ganin laifinsa.

Amma kwarjinin nan da kayansa yake tafe. Mai santimita 60 takan haura kilo ɗaya, masu 70 kuwa kilo biyu ko fiye. A baki ba wani abu ba ne. Riƙe ta da hannu ɗaya kana gyara mata ƙafa da ɗayan, a kan ciyawa, iska na kaɗawa, kana jira ta tsaya da kanta ka ja baya ka ɗauki hoto, a nan za ka san kilo biyu nauyi ne. In ta kife, da fuska take faɗuwa: hanci ya ɓantare, yatsa ya karye, kwalliyar da aka biya kuɗi aka jira wata da watanni ta goge. Igiyar cikinta ma kauri gare ta. Canja wa babba kai aikin ƙarfi ne, wasu sai sun nemi mai riƙe musu, kuma ƙugiyar nan in ta kuɓuce ta kama yatsa, har jini takan fitar. Jakar da ake ɗaukarta a ciki doguwa ce kamar ta kayan kiɗa, ka yi tunanin shiga jirgin ƙasan Tokyo ko na Shanghai da ita da safe.

Me ke biyo baya? A hankali sai a rage fito da ita. Yau gajiya, gobe tsoron faɗuwa, jibi an tuna hasken rana na sa rezin ya yi rawaya. Sai ta koma kwalinta ko bayan gilashi. Mu nan mun san irin wannan: jeren amarya, kwanukan da aka kashe dukiya a kansu, an shirya su a kabad har sama, baƙi na yabawa, shekara goma ba a zuba miya a ko ɗaya ba, abincin gidan kuma a tsohuwar samira ake ci.

To ita wannan 'yar tsanar, duk tsadarta a gaɓoɓin take. Wahalar da mai sassaƙa ya sha, a gwiwa da gwiwar hannu da ƙugu ya sha ta, don a motsa su. Akwai masu zama su liƙa fata mai laushi a cikin kowace mahaɗa don ta riƙe tsayuwa da kyau. Wanda zai saye ta ya kafe ta wuri guda, da mutum-mutumi ya saya da ya huta. Ƙaramar kuwa tana cikin jakar hannu. Tana zuwa shagon shayi, tana zuwa bakin kogi, a zaunar da ita a kan littafi a ɗauki hoto a mayar, ba wanda ya ma lura. A wurina wadda ake taɓawa kullum ta fi cika sunanta.

Na san akwai masu manya da suke fita da su ko'ina, suna ɗinka musu, suna canja musu gashi duk mako. Ba da su nake ba, kuma a iya abin da na gani, ba su ne ke raina na wasu ba.

Maganar da ba a so a faɗa

Kuɗi ne da ɗaki.

Babbar da ta zo da kwalliyarta da kayanta takan ci dala 500 zuwa sama, waɗanda aka yi 'yan kaɗan kuma su haura 1,000. Ban da takalmi, ban da gashi, ban da kuɗin aikowa, wanda da nauyi da girman kwali ake lissafa shi. Yawanci sai ka biya ake zuba maka, ka jira watanni, shi ya sa biyan kaɗan-kaɗan ya zama ruwan dare a harkar. Wanda ya jera uku a tebur ya san kowa a wurin ya iya wannan lissafi.

Ɗaki kuma ya fi kuɗin ma tsanani. Abin da ya ninka wani biyu a tsawo, ya ninka shi takwas a wurin da yake ci, don faɗi da kauri ma sun ninku. Kujerar mai santimita 60 ta kusa kujerar yaron goye. In kana so ka yi mata ɗaki da gado da tebur, sai ka ba da kusurwa guda ta naka ɗakin. A garuruwan da wannan harka ta fi ƙarfi, Tokyo da Seoul da manyan biranen Sin, matasa da yawa a ɗaki ɗaya suke zaune, ɗalibai kuma gado da tebur kawai gare su a ɗakin da suke rabawa da wasu. Ƙaramar kuwa gidanta duka a kan kanta ɗaya yake zama. Ga wani sauƙin: ma'aunin 1/12 shi ne wanda masu ƙera gidajen 'yan tsana suka daɗe suna aiki da shi, 1/6 kuma shi ne na Barbie, don haka kujeru da tukwane da kofuna na wannan girma suna nan birjik da araha.

Saboda haka in aka ce wa ɗaliba "in kin tara kuɗi ki sayi ta gaske", abin da aka ce mata shi ne in kin yi arziki kin kama babban gida, sannan za mu lissafa da ke. Ba maganar sanin kyau a ciki.

Farashin ma ba ya bin tsawo sau da ƙafa. Rabin tsawo ba rabin kuɗi ba ne, domin yawan gaɓoɓin kusan ɗaya ne, kowace da mazubinta, kowace sai an goge ta da hannu. Ƙaramar da aka yi 'yan kaɗan aka daina takan fi babbar gama-gari tsada a hannun masu sayar da na hannu.

Akwai kuma tseren tsawo da nake kallo da mamaki. Tun farkon shekarun 2000 Dollshe ya fito da dogayen maza masu kusan santimita 70, yanzu kuwa a Sin wannan rukuni kasuwa ce mai zaman kanta, "baffa" ma suke ce musu. Daga 70 aka koma 72, aka koma 75, akwai waɗanda suka wuce haka. Kowane kamfani da faɗin kafaɗarsa da kaurin cinyarsa, rigar wannan ba ta shiga wancan, takalmin wancan ba ya shiga wannan. In babba ce ta gaske, to mai santimita 60 da ake tutiya da ita jiya, yau me ta zama a gaban mai 75?

In ni za a tambaya wace zan ajiye, matsakaiciya zan ɗauka, mai santimita 40 da 'yan kai. Tana ɗaukar ɗinki, tana shiga jakar goyo, hannu ɗaya ya ishe ta. Amma wannan idona ne da yatsuna da irin ɗakina. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ita ma da nata ciwon kan: masu jikin yara da masu siririn jikin manya duk MSD ake ce musu, ka sayi wando da sunan nan ya zo yana zamewa daga ƙugu.

Su ma masu ƙananan

Kada su ɗauka na wanke su tas. Su ma suna da nasu laifin, ka ji ana cewa manyan nan abin tsoro ne, wa zai kwana ɗaki ɗaya da su, ko a ce masu su 'yan nuna isa ne gaba ɗaya. Raini ne shi ma, an juya shi ne kawai.

Kuma hujjarsu ta sauƙin kuɗi da wuri ba ta cika daɗewa ba, domin ƙananan haihuwa suke yi. Babba sai an yi shawara, an auna kanta, an yi tanadi. Ƙarama kuwa "ai 'yar wannan ce, ina za ta cika", sai ga ta biyu don ta farko ta samu ƙawa, sai ga ta biyar. Abin ya ƙara ta'azzara da shigowar na roba masu araha da kamfanonin Sin ke sayarwa a rufaffen kwali, ba ka san wadda ke ciki ba sai ka biya ka buɗe. Mutum yana neman guda ɗaya mai jan gashi, ya buɗe huɗu bai same ta ba, ƙarshe ya sayi katan ɗin duka, wani ma ya ƙara wani katan don neman wadda aka ɓoye da ba ta cika fitowa ba. In ya zauna ya haɗa lissafin shekara, sau da yawa kuɗin babba guda ya fita, kantar ta cika maƙil, ƙananan hannuwa da takalma sun ɓace a ƙarƙashin gado. Da yawa daga cikinsu kuma, tun ranar da aka fito da su daga kwali ba a sake lanƙwasa musu gwiwa ba.